Shekarar Farko a Ɗakin Kiran Gaggawa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Akwai wata sana'a da mai yin ta yake ƙare shekarunsa da ji kaɗai, ba ya ganin wuta, ba ya ganin jini, ba ya ganin fuskar wanda ya taimaka. Ita ce sana'ar masu karɓar kiran gaggawa. A Amurka, duk wanda ya buga lamba 911, kiransa kan faɗa wani ɗaki ne na ƙaramar hukuma, ta birni ko ta gunduma, ba na gwamnatin tarayya ba. Irin waɗannan ɗakuna sun haura 5,000 a faɗin ƙasar, kuma ana ƙiyasta cewa suna amsa kira wajen miliyan 240 a kowace shekara.

Sana'ar ba ta daɗe a duniya ba. Birnin Landan ne ya fara da lamba 999 a shekarar 1937, bayan wata gobara da ta halaka mata biyar a 1935, inda wani maƙwabci ya yi ta neman a haɗa shi da 'yan kwana-kwana aka bar shi yana jiran layi. A Amurka kuwa, sai ranar 16 ga Fabrairu 1968 aka yi kiran 911 na farko a ɗan garin Haleyville na jihar Alabama, kuma sai a 1999 doka ta mai da lambar ta ƙasa baki ɗaya. Ƙasashen Turai sun tsayar da 112, lambar da Nijeriya da Gana su ma suka ɗauka, yayin da a Nijar aka fi sanin 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana. Lambobi sun bambanta, amma a bayan kowace akwai mutum zaune yana saurare.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane wata budurwa ce mai shekara 23, wadda ta nemi aikin a wata gunduma ta Amurka bayan ta gaji da tsayuwa a kanti. Abin da ya ja hankalinta shi ne aikin gwamnati ne, akwai fansho da inshorar lafiya, kuma ba a neman digiri, takardar gama sakandare ta isa. Sai dai ƙofar da ta zata a buɗe take ta ci mata watanni kafin ta shiga. An gwada saurin hannunta a kan kwamfuta. An sa ta saurari murya tana karanto adireshi da lambar mota, tana rubutawa, a lokaci guda kuma wani saƙo yana faɗowa a allo yana neman ta zaɓi wanda za a tura, ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ko motar asibiti. An auna jinta, an binciki tarihinta har wurin tsofaffin iyayen gidanta, an zaunar da ita gaban likitan halayyar ɗan Adam. Bayan duk wannan aka ba ta kujera a aji, ba a ɗakin aiki ba tukuna.

A aji ta haddace taswirar gundumar, da sunayen tituna masu kama da juna, da iyakar kowane ofishin 'yan sanda, da kalmomin da ake kiran haruffa da su a oba-oba domin kada «b» ta rikiɗe ta zama «d». Darasin da ya fi ba ta mamaki shi ne na tambayar farko. Ta taso ta ga cewa idan mutum ya zo a gigice, abin da ake fara ce masa shi ne «lafiya?» ko «me ya faru?». A nan aka ce mata ta fara da «ina ne abin ya faru?». Dalili kuwa mai sauƙi ne. Idan layi ya yanke bayan daƙiƙa biyar, wanda ya san wuri yana iya tura taimako ko da bai san matsala ba, wanda kuwa ya ji matsala bai san wuri ba, babu abin da ya rage masa sai takaici.

Ta tambaya ko kwamfuta ba ta nuna inda mutum yake. Aka bayyana mata cewa a zamanin wayar girke haka ne, domin kowace lamba tana ɗaure da adireshin gida. Yanzu kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na kira daga wayar hannu suke zuwa, abin da allo ke nunawa wani lokaci da'ira ce mai faɗin mita da dama, wadda ta haɗiye gidaje masu yawa, ko bene mai hawa goma da ba a san ƙofar da za a buga ba. Saboda haka ana tambaya, a sa mai kira ya maimaita, a kwatanta da taswira. Matambayi ba ya ɓata.

Da ta gama aji aka haɗa ta da mai horarwa, wata dattijuwa da ta shafe shekara 19 a ɗakin. Wayar kunnensu ɗaya take ji, duk abin da ya shiga kunnen sabuwa ya shiga na tsohuwa, kuma tsohuwa tana iya karɓe kira a kowane lokaci. Kullum idan an tashi, sai ta cika takarda ta ba ta maki a kan saurare, da saurin rubutu, da sanin gari, da kamun kai. Ɗakin ba shi da taga sosai, fitilunsa a rage suke, gaban kowa allo biyar ko shida. Ƙa'idar da ƙungiyar masu wannan aiki ta shimfiɗa ita ce a amsa kashi 90 cikin 100 na kira kafin daƙiƙa 15 su cika. Ana raba aikin gida biyu. Wasu suna magana da jama'a suna shigar da bayani a kwamfuta, wasu suna karanta bayanin suna magana da jami'ai ta oba-oba. Sabon shiga kan fara da na farko.

Makonnin farko sun nuna mata cewa yawancin kira ba na mutuwa da rai ba ne. Akwai wayar da ta bugo kanta daga aljihu, wadda dole a sake kira a tabbatar lafiya. Akwai mai ƙarar karen maƙwabci, da wanda aka ɗauke wa lantarki, da tsohuwar da kaɗaici ya dame ta take neman wanda za ta ji muryarsa. Hatsarin da ke cikin wannan shi ne kunne ya saba, ya fara yanke hukunci kafin magana ta ƙare. Don haka mai horarwa ta ba ta labarin abin da ya faru a jihar Ohayo a 2019, lokacin da wata mata ta kira 911 ta ce tana son a kawo mata fiza. Wanda ya amsa ya fara ce mata ta yi kuskuren lamba, da ta nace sai ya gane cewa akwai wanda take tsoro a kusa da ita. Ya koma yi mata tambayoyin da amsarsu «i» ce ko «a'a», ya tura 'yan sanda, aka kama mutumin da ke dukan mahaifiyarta.

Kiran rashin lafiya yana da nasa tsari. Tun ƙarshen shekarun 1970 wani likita mai suna Jeff Clawson, a birnin Salt Lake na jihar Yuta, ya tsara jerin tambayoyi da umarni da mai karɓar kira zai bi bi-da-bi, kuma har yau ɗakuna da yawa a kansa suke tafiya. Da farko budurwar ta ji tsarin kamar takunkumi. Mutum yana kuka, ita kuma tana karanta masa tambaya daga allo. Sannu a hankali ta fahimci cewa ruɗewa cuta ce mai yaɗuwa ta waya, kuma jerin tambayoyin nan shi ne abin da hannu zai kama idan ta taso. Ta koyi wata dabara kuma, ta maimaita umarni ɗaya da kalmomi iri ɗaya da murya iri ɗaya, tare da faɗin dalili, har sai mai ihu ya dawo hayyacinsa.

A wata na huɗu, wajen ƙarfe uku na dare, wani dattijo ya kira ya ce matarsa ta faɗi a ɗaki ba ta motsi. Ta karɓi adireshi, ta sa ya maimaita, ta tura bayanin ga mai oba-oba tun tana kan tambaya ta uku. Matar ba ta numfashi yadda ya kamata. Dattijon ya ce shekararsu 51 tare, ya shiga kiran sunanta yana kuka.

«Baba, ka saurare ni, motar asibiti tana hanya,» in ji ta. «Ka kwantar da ita rigingine a ƙasa, domin mu taimake ta. Baba, ka kwantar da ita rigingine a ƙasa, domin mu taimake ta.»

A karo na uku ya ji. Ta ce ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar ƙirjinta, ya ɗora ɗayan a kai, ya danna da ƙarfi. Ana son dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin wajen santimita 5, domin idan zuciya ta tsaya, kowane minti da ya wuce ba a yi haka ba yana rage damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ta riƙa ƙirga masa da babbar murya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana bin ta yana haki. Sau biyu ya ce ya gaji, sau biyu ta ce kada ya tsaya. Bayan minti bakwai ta ji an buga ƙofa, ta ji takun ma'aikatan lafiya, wani ya ce sun karɓa, layi ya mutu. Kafin ta sauke numfashi wani kira ya shigo, na wani da ya kulle makullinsa a cikin mota.

Da gari ya waye ta tambayi mai horarwa ko matar ta rayu. Dattijuwar ta duba kwamfuta, abin da aka rubuta kawai shi ne an kai ta asibiti. Asibiti kuwa doka ta hana shi bayyana sirrin majinyaci ga wanda ba nasa ba.

«Ƙanwata,» in ji ta, «namu ya ƙare a bakin ƙofa. Kin ba shi abin yi na minti bakwai, ba ki bar shi tsaye yana kallo ba. Ki riƙe wannan, sauran ba a hannunmu yake ba.»

Wannan shi ne nauyin da ba a rubuta shi a tallar neman ma'aikata. Ɗan kwana-kwana yana ganin wuta ta mutu, malamin jinya yana ganin an sallami majinyaci ko an rufe shi da mayafi, amma mai karɓar kira farkon labari kawai ake ba shi, zuciyarsa ce ke ƙarasa sauran a kan hanyar gida. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Arewacin Ilinoyi a 2012 ya nuna cewa masu wannan aiki suna fuskantar alamun ciwon firgici na bayan tashin hankali, duk da cewa ƙafarsu ba ta taka wurin da abin ya faru ba, kuma kiran da ya shafi yara shi ya fi tsaya musu a rai. Ga kuma tsarin lokaci. Ana yin awa 12 a zaune, sabon shiga ke ɗaukar dare da ranakun hutu da bukukuwa, idan kuma wani bai zo ba sai a tsare wanda ke nan ya ƙara awoyi, domin ba a barin kujera babu kowa. Daga cikin mutum shida da suka fara aji tare da ita, uku ne suka kai ƙarshen shekara.

Duk da haka, a rabe-raben sana'o'i na gwamnatin tarayyar Amurka an daɗe ana lissafa su cikin ma'aikatan ofis, sahu ɗaya da akawu. Norma Torres, 'yar Majalisar Wakilai daga Kalifoniya, wadda ita kanta ta yi shekaru tana amsa kiran 911 a birnin Los Anjalas, ta gabatar da ƙudiri a 2019 domin a mai da su cikin sahun masu kare rayuka. Wasu jihohi ba su jira tarayya ba. Tekzas ta amince da su a matsayin masu kai ɗaukin farko a 2019, Kalifoniya ta bi baya a 2020. Maganar ta wuce ta suna, domin a kan irin wannan rabo ake gina muhawarar albashi da kulawar lafiya da shekarun ritaya.

Budurwar ta tsaya. A wata na takwas aka cire wayar mai horarwa daga tata, ta fara amsa kira ita kaɗai, kuma da shekara ta cika aka sa sunanta cikin masu koyon oba-oba. Aikin ya canza mata wasu ɗabi'u. Ba ta shiga gida ko kanti sai ta karanta lambarsa, ba ta tuƙi a babbar hanya sai tana lura da alamun nisa da ke gefen titi. Ta koya wa 'ya'yan yayarta adireshin gidansu tun kafin su iya rubuta sunansu. Wata ranar hutu kuma ta sayi fenti fari ta je gidan mahaifiyarta, ta sare reshen da ya rufe akwatin wasiƙu, ta rubuta lambar gidan da manyan baƙaƙe a ɓangarorinsa biyu, yadda direban motar asibiti zai hango ta da dare ko daga wane gefe ya fito.