Ratsi ko Dabbare: Lissafin Daji da Matsalar Suna

Wanda ya leƙo tuddan da ke kewayen Yamai daga jirgin sama zai ga daji a jere: sahun itatuwa, sahun fako, sahun itatuwa, kamar an ja masa igiya. Babu wanda ya shuka shi haka. Faransawa sun raɗa masa suna brousse tigrée, suna kamanta shi da ratsin jikin wata babbar dabbar Asiya wadda Bahaushe bai taɓa arba da ita a dajinsa ba.

Bayanin wannan tsari a hannun masana lissafi yake. A 1952 Alan Turing na Ingila ya nuna cewa abubuwa biyu masu yaɗuwa, ɗaya da sauri ɗaya a hankali, suna iya haifar da zane a wurin da babu zane. A 1999 Christopher Klausmeier ya ɗora irin wannan tunani a kan ruwa da tsiro. Fako ba ya shan ruwa, sai ruwan ya gangara har ya tarar da itatuwa, inda saiwoyi suka sassauta ƙasa, ya nutse. Ke nan kowane sahu yana shan rabonsa da rabon fakon da ke samansa, kuma lissafin ya nuna sahun zai riƙa hawa tudu sannu a hankali, yana bin ruwa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa, gwargwadon raguwar damina, daji yakan fara da ɓula-ɓulai, ya koma murɗaɗɗun hanyoyi, sannan dabbare-dabbaren itatuwa a tsakiyar fili.

A nan gardama ta tashi. A 2004 Max Rietkerk da abokan aikinsa a Holan suka ɗauki dabbaren a matsayin gargaɗi cewa hamada ta kusa. A 2021 shi da Arjen Doelman, masanin lissafi a Leiden, da wasu suka sake duba lamarin, suka ce mai yiwuwa jeruwar ita ce dabarar da daji ke tsira da ita: yana rage yawansa kaɗan-kaɗan maimakon ya rushe gaba ɗaya.

Wannan gardama ta fi shafar makiyayin Kelle, can ƙasar Kutus a yankin Gure, fiye da masu yin ta. Shi ne zai yanke shawarar sayar da raƙumi ko riƙe shi, shi ne kuma ake kira ya haƙa rabin wata a kan fako, aikin da ba kome ba ne illa kwaikwayon dabarar nan ta tara ruwan fili mai faɗi a ƙaramin wuri. Gaskiya ne yashin Gure yana shan ruwa inda ya sauka, don haka ba kowane sakamako na tuddan Yamai zai hau kansa ba. Amma kafin a tantance wanne ya hau, sai an faɗa masa maganar da Hausa ko Barbarci.

Mai fassara cikin gaggawa zai ce «dajin damisa», ya ɗauka ya gama. Alhali damisar da Bahaushe ya sani dabbare gare ta, ba ratsi ba. A wannan lissafi kuwa ratsi alamar gangare ne, dabbare kuma shi ne matakin ƙarshe kafin fili ya zama tsirara, wanda tun 2004 ake ja-in-ja a kan ma'anarsa.