Ɗaukar hoto a duhu, ba filasha ba ƙara

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke Legas, duk mai kyamara da ke neman na kashewa, ga wata kasuwa da ba ma leƙawa: kiɗan gargajiyar Turawa, irin wanda ake yi a MUSON, can Onikan. Ɗaliban kiɗa kan nemi mai ɗaukarsu ranar da za su hau dandamali. Ni dai da wannan nake cika kuɗin buga takardun bincikena.

Amma fa ba bikin Arewa ba ne. An hana filasha, zaure duhu, sai fitilun dandamali. Nakan kai ISO 3200, wani sa'in 6400, in buɗe idon kyamara zuwa f/2.8. Mai gogen Turawa hannunsa ba ya hutawa. In saurin ɗauka bai kai 1/250 ba, hayaƙi kawai za ka kwaso. Baƙaƙen kayansu kuma kan ruɗi kyamara ta ƙara haske har fuska ta wanke, shi ya sa hasken fuska nake aunawa.

Mai wuyar ita ce shiru. In kiɗa ya yi ƙasa, "ƙyas" ɗaya sai layin gaba sun ji. Yarinya ta kwashe watanni tana atisaye, wallahi bai dace yatsanka ya ɓata mata ba. Jira nake sai ƙahoni da ganguna sun ɓarke, sannan in danna. Hoto goma masu rai sun fi ɗari uku na gaggawa.

Kuma don Allah, in sun ɗan tsagaita a tsakiya, kar ka tafa. Ba su gama ba.