Wasiƙa Daga Riyad: Alƙalamin Burushi Ko Na Gamba?

Gaisuwa mai yawa daga Riyad, inda jami'armu ta Ingila ta turo ni wata uku don nazarin littattafan da aka rubuta da hannu a Cibiyar Bincike ta Sarki Faisal. Mutanen nan ba sa wasa da kyawun rubutu. Shekarar 2020 sun sa mata suna Shekarar Rubutun Larabci, suka zarce da bikin har 2021, a watan Disambar 2021 kuma UNESCO ta sanya wannan fasaha cikin kayan gadon duniya.

Ƙanena da ke Kano, wanda rubutun Alƙur'ani da zayyanar allo ne abincinsa, ya aiko cewa in sayo masa alƙalamin burushi irin wanda yake gani a intanet, wai ya huta da fiƙe gamba da dama tawada. Guzurin ɗalibi ba shi da auki, shi kuma da wannan sana'a yake riƙe iyali. Don haka na sayi iri uku, na yi mako guda ina gwada su.

Na farko Pentel Pocket Brush, mai gashin roba kamar burushi na gaske. In ka sassauta hannu ya ba ka layi siriri kamar zare, in ka danna ya buɗe. Na biyu Tombow Fudenosuke mai taurin baki, ya fi biyayya ga sabon hannu. Duka biyun 'yan Japan ne, ƙasar da ta fara ƙera irinsu a farkon shekarun 1970 saboda rubutunta da aka saba yi da burushi. Na uku Pilot Parallel, wanda ba burushi ba ne, bakinsa ƙarfe ne mai faɗi, akwai mai milimita 1.5 har zuwa 6.

Ga inda gizo ke saƙar. Kaurin layin burushi daga nauyin hannu yake fitowa. Shi kuwa rubutun Naskhi da Sulusi, kaurinsa daga faɗin bakin alƙalami ne da yadda aka karkata shi. Tun zamanin Ibn Muƙla, wanda ya rasu a shekarar 940, da ɗigon bakin alƙalami ake auna tsawon alif. Burushi ba shi da ɗigo tsayayye, to da me za ka auna? A nan Parallel ya yi wa sauran fintinkau.

Rubutunmu na Warshu kuma wata duniya ce. Layinsa mai kauri ne, kusan bai ɗaya daga farkon harafi zuwa ƙarshe. Na kwafi layi guda da burushi, sai ga ba da nun suna kumbura suna tsukewa kamar ciwon hanta. Sannan akwai batun tawada. Ta gawayi da ƙaro tana wankuwa daga allo, har a sha. Ta Pentel in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta, kuma ba don ciki aka yi ta ba.

Amma wajen zayyana, gaskiya burushi gwani ne. Cike gida da baƙi ko lanƙwasa ganye, cikin minti kaɗan ka gama. Shi ya sa na saya masa burushi guda don ado, na ce haruffa a bar wa gamba.

Jama'a, a nan ma manyan masu rubutu da sarewar kara suke aiki, su fiƙe ta da wuƙa kamar yadda malamanmu ke yi a tsangaya. Bambancin kawai su sun ɗauki abin a matsayin fasaha, mu kuwa muna kallonsa ƙauyanci. Duk mai yaro a makarantar allo, don Allah ya tabbatar an koya masa fiƙe alƙalami kafin tsofaffin hannu su ƙare.

Sai wasiƙa ta gaba. A gaida mutanen gida.