Kwalin kaset da ɗan ƙaramin kile

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko bakin tashar Tawa, ba zai rasa ganin samari zaune gaban kwamfuta ba, lasifika tana ruri, jama'a suna miƙa musu ɗan abin nan da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ake kira kile USB. Sana'arsu tura waƙa. Kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, ta yi sarautarta ta sauka. Kile kuwa, wanda ya shiga kasuwannin duniya a shekarar 2000, shi ne yau a gaban mota da cikin rediyon mai shayi.

Akwai wani dattijo a Maraɗi, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya yi aiki a Gure da Tanut da Gaya, bayan ya aje aiki ya kama fataucin albasa da wake zuwa Yamai. Cikin dukiyarsa akwai kwali guda mai ɗauke da kaset fiye da ɗari: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Ɗan Gurmu, Mamman Gawo, Alhaji Taya, da waɗansu da ya ɗauka da hannunsa daga Muryar Sahel lokacin kokowar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. Rediyonsa mai cin kaset ta mutu, motar da yake shiga ba ta da bakin kaset, zafi da ƙura kuma suna cin zaren a hankali. Ganin haka ya ɗauki kwalin ya nufi wani yaro mai tura waƙa.

Yaron ya dubi kwalin ya ce: "Baba, wannan wahala ce. Kawo kile in cika maka shi yanzun nan, waƙa dubu ma in kana so." Dattijon ya amsa: "Ɗana, ba yawa na zo nema ba. Nawa nake so, kuma yadda na jera su."

Maganar yaron tana da hujja. Waƙar da aka matse ta zama MP3 takan ci kamar mega guda a minti, don haka kile mai giga 8 yana iya ɗaukar sauti na awa 130 ko fiye, wato abin da ke cikin kaset kusan 90 masu minti casa'in. Zuba abin da ke cikin kwamfuta aikin mintoci ne. Amma juyar kaset ba ta da gajeriyar hanya: sai an nemo rediyo mai lafiya, a haɗa ta da kwamfuta da waya, a bar zaren ya yi tafiyarsa tun daga farko har ƙarshe. Kaset mai awa guda awa guda take ci, sannan a yanka kowace waƙa daban, a rubuta mata suna da sunan mai ita, don kada ta koma lamba marar asali. Suka yi jinga, aikin ya ɗauki makonni, dattijon yana zuwa bayan la'asar da bik a aljihu don naɗe zaren da ya warware.

Da aka zo jeri, sai yaron ya zama malami. Ya bayyana masa cewa yawancin rediyon mota da ƙananan rediyoyin kasuwa ba su karanta kile sai an shirya shi bisa tsarin FAT32, kuma da yawa ba su san takardar jerin waƙoƙi da kwamfuta ke yi ba. Abin da suka sani shi ne dosiye. Kowane jeri a ba shi dosiye nasa, kowace waƙa a sa mata lamba a gaba, 01, 02, 03, kuma a zuba su bi da bi, domin waɗansu na'urori suna bin yadda aka zuba ne, ba yadda aka rubuta ba.

Dattijon bai jera nasa bisa sunan makaɗi ba, bisa hanya ya jera. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai kilomita fiye da 600, kuma ya san kowane zango da halinsa. Dosiye na farko karatun Alƙur'ani ne, daga fitar asuba zuwa Gidan Rumji. Na biyu kotson Ɗanƙwairo, har a wuce Madawa da Galmi. Daga Ƙonni zuwa Dogon Dutsi, inda rana ke tsakiya barci yana neman direba, sai kalangun Shata. Bayan Doso, jiki ya yi laushi, sai kuntigin Ɗan Maraya Jos ya raka matafiya har su shiga gari. Wanda ya ga wannan jeri ya ga shekarun mutumin a shimfiɗe, domin zaɓe da jerawa su ne rabon mai saurare a cikin waƙa.

A ƙasan kwalin akwai kaset guda marar hoto, an rubuta mata "Inna" da jan bik. Lokacin da yake aiki a Gure, mahaifiyarsa, wadda ba ta yi boko ba, takan sa a danna mata rediyo ta yi maganarta, a ba direba ya kai masa, kamar yadda iyalan ƴan ci-rani da yawa suke yi a zamanin. Zaren ya tsinke a wuri guda. Yaron ya buɗe kaset ɗin, ya liƙe wurin da haƙuri. Da murya ta fito, da carar zakara da amon turmi a bayanta, tana gaishe shi tana yi masa faɗa a kan ya riƙa cin abinci, yaron da kansa ya rage lasifikar waje. Dattijon bai ce komai ba sai da kaset ta ƙare. Sa'an nan ya ce kada a haɗa wannan da waƙoƙin hanya. A yi mata kile nata, a yi wa kowane ɗaya daga cikin ƙannensa nasa.

Nan ma akwai hikima, domin kile ba rumbu ba ne. Yana ɓacewa a aljihu, yana lalacewa in an fizge shi ana cikin zubi, yana kwaso cutar kwamfuta daga teburi zuwa teburi, kuma akwai na jabu masu rubutun giga da yawa alhali cikinsu kaɗan ne. Abin da ke wuri guda bai tsira ba tukuna. Shi ya sa dattijon bai zubar da kwalinsa ba.

Abu guda ya rage yana damunsa. A da, in ya sayi kaset ta asali, yana sa ran wani abu ya kai ga makaɗi. Yau mai turawa ya karɓi ƴan dalolinsa, magadan Shata da ya rasu a 1999, da na Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ba su san an yi ba. Ƙasa tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma teburan sun fi ƙarfin ƙirga.

Ƴan kasuwa da ma'aikata da yawa suna da irin wannan kwali a bisa kabad ko ƙarƙashin gado. Waƙar Shata ana iya samunta wurin wani. Muryar uwa, da kiɗan bikin gida, da wa'azin malamin unguwa, in zaren ya ruɓe sun tafi ke nan. Rediyo mai cin kaset tana ƙara wuya kowace shekara, masu gyaranta kuma suna tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah shi ba mai niyya iko tun lokaci bai ƙure ba.