Inda Ruwa Ke Ɗiga da Inda Yake Shiga

Ruwan saman da ke sauka a Gusau cikin shekara ya fi na Landan yawa: Gusau na samun kusan milimita 900, Landan kuwa kusan 600. Sai dai namu yakan zubo da ƙarfi cikin wata huɗu zuwa biyar, rana ta fito ta busar da komai. Nasu yayyafi ne marar lokaci, ga sanyi, ga gishirin da hukuma ke watsawa a titi idan ƙanƙara ta sauka. Motar da ruwa ya shige ta a Ingila ba ta bushewa, tsatsa ce ke cin ta daga ciki. Shi ya sa masu tsofaffin motoci a nan Birmingham suke ɗaukar yoyo kamar ciwon ajali, mu kuwa a gida mu shimfiɗa buhu a ƙasan kujera mu jira kaka.

A Ingila motar da ta haura shekara 40 kayan tarihi ce. Ba ta biyan harajin hanya, kuma tun 2018 an yafe mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a sauya mata halitta ba. Duk watan Nuwamba akan yi babban baje kolin irin waɗannan motoci a Birmingham. Mutum yakan kwashe shekaru yana tayar da mota guda, walda, fenti, sabbin kujeru, sannan ranar da ya fara fita da ita cikin ruwa ya tarar kafet sharkaf.

Yadda suke bin sawun ruwan ne ya fi jan hankalina. Da farko ba a taɓa gam. Ana cire kafet da kujeru da kwalin ƙofa, a bar ƙarfe tsirara ya bushe, a barbaɗa hoda ko garin alli a duk inda ake zargi. Mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗaya ya tsaya waje da tiyo. Ruwan a hankali ake sakinsa, kuma daga ƙasa ake farawa: gindin ƙofa, a dakata, gefen gilashi, a dakata, rufi ne na ƙarshe. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa ko'ina lokaci guda, ba zai san ta inda ruwan ya bi ba. Idan ruwan ya shigo, yakan bar layi a cikin hodar, sai a bi layin da baya har tushensa. Robar ƙofa kuwa da takarda ake gwada ta: a rufe ƙofa a kanta a ja, duk inda ta zame ba gardama, nan robar ta saki. Wasu sukan rufe motar ruf, su kunna fanka, su shafa ruwan sabulu a waje su ga inda kumfa ke tashi.

Duk wanda ya taso a ɗakin soro a Rawayya ya san wannan ilimin. Inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki ba nan ya shiga ba, sau da yawa indararo ne ya toshe, ruwan ya kwanta ya bi azara. Mota ma tana da nata indararon: ramukan da ke gindin kowace ƙofa, da magudanar da ke ƙasan gilashin gaba. A Ingila ganye ke toshe su, a Zamfara ƙura.

A garejin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu, direba zai zo ya ce, "Oga, tana shan ruwa ta nan." Fanabita ya duba inda aka nuna masa, ya mulka silikon kewayen gilashi, ko ya yanko tsohon tub ya liƙa. Wani lokaci ma a huda ƙasan motar domin ruwan ya samu hanyar fita. Ban yarda rashin sani ne ba. Mai gyaran lagireto a gida yakan toshe bakinsa, ya tsoma shi cikin ruwa, ya hura iska, ya gano hujin da ido ba ya gani, ya liƙe da dalma. Wannan bincike ne tsantsa. Abin da ya bambanta shi ne yadda ake biya. Makanike a Ingila da awa ake biyansa, don haka awa uku na nema aiki ne mai kuɗi. Namu sai ya nuna abin da ya sauya ko ya liƙa kafin a sallame shi, kuma direban haya da ke jiran lodi ba zai ajiye mota kwana biyu don kafet ba. Ga tsadar ruwan kansa, wanda sai an saya a jarka.

Abin da wannan ke jawo mana yana yi mini ciwo. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har 2006. Fijo ce ta yi jigilar fasinja tsakanin Gusau da Sakkwato da Zariya kafin Golf ta karɓe tasha, a-kori-kura kuma ta kwaso gero da wake daga ƙauyuka. Injinta da wuya ya mutu. Rana ke fasa roba, ƙura ta cika magudana, ruwan marka na Agusta ya kwanta ƙarƙashin kafet, ƙasan motar ya ruɓe, 'yan gwangwan su auna ta da kilo. Irin wadda muke sarewa da gatari, ita ake gogewa da ƙyalle a Faransa.

Alhali muna da abin da Bature ke saya a kanti, kyauta. Motar da ta bi hanyar burji da hunturu ta riga ta barbaɗa wa kanta hoda. Buɗe but ka duba bayan fitilun baya, ka ɗaga kafet, ka bi gefen ƙofa: duk inda jar ƙura ta yi layi a ciki, ta nan ruwa zai shigo a watan Yuni. A yi alama da alli kafin a wanke motar, a zura waya a ramukan ƙofa, a sauya robar da ta tsage tun ana bazara.