Idan Tafinta Ya Ƙi Fassara

'Yan'uwana ɗalibai, yau ina so in yi magana a kan wani abu da ke sa wasunmu zubar da aikin hannu tun ba a je ko'ina ba. Shi ne ranar da tafinta ya ƙi fassara.

Kun san allon nan Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. A jikinsa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, sai sifiri da ɗaya. Saboda haka mukan rubuta umurni a kwamfuta, sa'an nan tafinta, watau kompaila, ya juya shi, kana a zuba mata. To, wannan tafinta ba shi da kara. Waƙafi mai ruwa guda ka manta, sai ya jero maka jan rubutu kamar malamin da aka ɓata wa rai.

A hutun da ya wuce, samarin unguwarmu ta Dogo Nini suka so su haɗa abin da zai kashe famfo in tanki ya cika, domin ruwa na ta zuba a banza. Kwana biyu aiki ya tsaya, har wani ya ce a sayo sabon allo. Na ce a'a, a fara karanta ƙorafin tafinta na farko, gama sau da yawa sauran duk 'ya'yansa ne. Ashe baka guda aka buɗe ba a rufe ba. Da aka rufe ta, sai ƙorafin ya ɗauke gaba ɗaya.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani lokaci rubutu lafiya lau, rumbu ne ya cika, domin ƙwaƙwalwar Arduino Uno kilobayit 32 kaɗai ta ke da shi na ajiyar umurni, da 2 na aiki. Wani lokaci kuwa sunan allon ne aka zaɓa ba daidai ba. Mu dai, da fassara ta yi kyau, umurni ya ƙi shiga, sai muka tarar wayar da aka sayo a kasuwa ta caji ce kurum, ba ta ɗaukar saƙo.

Abin da na riƙe ke nan: karanta kafin ka taɓa, in za ka sake abu kuwa, sake guda ɗaya, ka gwada, ka rubuta a littafi. Gobe mu ne malamai. Yaron da ya ga malaminsa ya tsorata da jan rubutu, shi ma zai tsorata. Wanda ya ga an zauna an karanta a natse, ya sami abin da ya fi allon daraja.

Allah ya ba mu haƙuri da basira, amin.