Tambayar da Na Ƙi Amsa wa Kawu

Akwai maganar da na faɗa wa kawuna a gaban jama'a cikin watan Oktoba na 2019, wadda har yau in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yafe mini tuntuni. Abin da ya sa na tono ta shi ne na san masu irin halina suna da yawa: mu da muka ɗan yi boko, rediyo ba ya barin kunnenmu, muka ɗauka duk wanda ya saɓa mana ko dai jahili ne ko mai son zuciya.

Ni malamin makaranta ne a Katsina. Na taso ina jin labarin masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, yadda suka ciyar da dubban gidaje, da yadda atamfar waje mai arha ta kwararo suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Abin yana yi mini ciwo, har gobe ma yana yi. Daga wannan ciwon na gina aƙidata: maganin talaucinmu shi ne a tsauwala kuɗin fito a kan kayan waje, in hakan bai isa ba a toshe hanyar gaba ɗaya.

Saboda haka duk matakin da aka ɗauka a wannan fanni, da tafi nake tarbarsa. A 2013 aka ɗaga harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 110 cikin ɗari, na ce madalla. A 2015 Babban Banki ya hana ba da dalar gwamnati don shigo da kayayyaki 41, har da shinkafa, na ce yanzu aka fara aiki. A Nuwambar shekarar Shugaba Buhari ya je Kabi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, na ce kakarmu ta yanke saƙa. Ranar 20 ga Agusta, 2019, da aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, kai ka ce ni aka yi wa albishir da gidan Aljanna.

A majalisarmu ta bayan la'asar abu uku nake maimaitawa. Na farko, kuɗin fito baƙo ke biyansa, wato mai shinkafar Tailan da Indiya da dillalansu na Kwatano. Na biyu, wahalar ta ɗan lokaci ce, manominmu zai yi arziki, shinkafar gida ta wadata, farashi ya sauko. Na uku, Binin da Nijar za su zo da kansu suna roƙo, su daina bari ana fasa-ƙwauri ta ƙasarsu. Ina da baki, kuma ina da hujjar da take gaskiya ce: Binin, ƙasar da mutanenta ba su wuce na jiha ɗaya mai yawan jama'a a Nijeriya ba, ta zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan, kowa kuwa ya san tukunyar da ake dafa ta. Wannan gaskiyar guda ita ta rufe mini ido daga sauran.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Fatake ne na hanyar Jibiya zuwa Maraɗi tun kafin a haife ni. Yakan saro kaya a Kano, robobi da takalman roba da sabulu da tabarmin leda, ya kai Maraɗi, ya dawo da wake da dabino. Matarsa ta biyu 'yar can ce. Bai yi boko ba, amma lissafin da zai yi a ka kafin ka lalubo biro, ni ban iya shi ba.

A tsakiyar Oktoba aka sanar cewa babu kayan da za su shiga ko su fita ta iyakar tudu, masu takarda da marasa takarda. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi sunan ɗan wani ɗan'uwanmu. Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, ana raba goro, hira ta gangaro kan boda. Na gyara zama na fara wa'azina. Kawu ya bar ni na kai aya, sannan ya ce cikin sanyin murya:

"Malam, duk na ji. Tambayata ɗaya ce. Wa zai biya?"

Na ce, "Masu kawo ta mana, Kawu. Su za su ji a jikinsu."

Ya ce, "To. In na ɗauko buhu, aka caje ni a hanya, in na iso kasuwa a aljihuna nake barin cajin, ko a kan buhun nake ɗora shi?"

Wasu suka yi murmushi. Murmushin nan ne ya ci ni. Na san amsar tambayarsa, kowa a wurin ya san ta, amma amsa ta na nufin in sauko daga inda na hau. Sai na bar tambayar na kama mai tambayar. Na ce, da ƙarfi, har na bakin zaure suna ji:

"Ai dole ku ce haka. Irinku 'yan boda ku kuka kashe ƙasar nan. Aljihunku kawai kuka sani."

Wurin ya yi tsit. Kawu bai ce uffan ba. Ya dube ni, ya sa goronsa a aljihu, ya lalubi takalmansa, ya yi sallama da mai gida ya tafi. Abin da ya fi muni shi ne ban ji komai ba a ranar. Na koma gida ina ganin na faɗi gaskiya ba tsoro. Da mahaifiyata ta aiko a kira ni, na je na ba da haƙurin fatar baki, a raina ina cewa lokaci zai nuna.

Lokaci ya nuna, amma ba abin da na zata ba.

A ƙofar makarantarmu akwai wata dattijuwa mai sayar da garau-garau, muna ce mata Inna. Mijinta ya rasu, da wannan tukunyar take riƙe da marayu. Wata rana a farkon 2020, kafin korona ta iso ta dagula komai, na miƙa mata kuɗin da na saba, ta zuba mini abin da bai kai rabin wanda na saba ba. Na ce, "Inna, yau kuma hannun ya ƙanƙance?" Ta ce shinkafa ce ta tashi. Na ce, "Ai 'yar waje ce ta tashi. Ki koma 'yar gida mana."

Ta ajiye ludayin ta ce, "Malam, ni tun da nake ban taɓa dafa 'yar waje ba. 'Yar gidan ce ta tashi. Da 'yar wajen ce ke taka mata burki. Yanzu da ba ta da kishiya, wa zai hana ta?"

Ina tsaye da kwano a hannu, yara suna layi a bayana, kowanne da 'yar canjinsa a dunƙule. Na ga wani yaro ɗan ajina ya leƙa abin da aka zuba wa na gabansa, ya dubi kuɗin hannunsa, ya fice daga layin. Nan take muryar Kawu ta dawo mini, kamar yana tsaye a gefena: wa zai biya? Ga mai biyan nan yana tafiya da yunwa zuwa aji, kuma ni zan shiga in koyar da shi. Bai san Tailan ba, bai san Kwatano ba. Na yi wata huɗu ina cewa a daure, wahalar ta ɗan lokaci ce, ban taɓa tambayar kaina cikin wa ake ɗaure wa ba. Ni mai albashi ne, abin da ya same ni ragin kwano ne. Shi abincin ranarsa ne gaba ɗaya.

Ranar Asabar na hau mota zuwa wurin Kawu. Na same shi a sitonsa shi kaɗai, yaransa uku duk ya sallame su. Ga robobi jibge har rufi, ga ƙura ta lulluɓe buhunan takalma. Na ɗaga wani bokiti na juya gindinsa, sai ga tambarin masana'antar Kano. A nan na ƙarasa ganewa. Mutumin da na ce ya kashe ƙasa, shekara da shekaru kayan ƙasar yake nema wa kasuwa a waje. Ƙofar da na yi murnar an rufe wa shinkafar Tailan, ita ce ƙofar da bokitin Kano ke fita ta cikinta.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ku gafarce ni. Na yi muku rashin kunya, kuma ban da gaskiya."

Ya ce in tashi. Ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe don ya nuna mini takardun kwastan da yake biya, kada in tafi da zaton ya taɓa ɗaukar kayan dare. Yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, sai wasu ƙananan takardu suka zubo. Na tsince su zan mayar, na ga sunana. Rasiɗan kuɗin makarantata ne na kwalejin horon malamai. Na san shi ya biya, amma na manta da wace sana'a ya biya. Bokon da na yi masa tutiya da shi, hanyar Maraɗi ce ta saya mini.

Da na nutsu na duba kuskurena, sai na ga ba ɗaya ba ne. Na farko, na ɗauki kyawun niyya a matsayin hujja. Tunda ina son manomi, duk abin da aka yi da sunan manomi daidai ne. Alhali ƙaramin manomi yakan sayar da shansherarsa da kaka don ya biya bashi, ya dawo da bazara ya sayi tsaba da tsada. Mai sito da mai babban injin casa su ke iya jiran farashi. Na biyu, na ɗauka dokar da aka rubuta ita ce abin da zai faru. 'Yar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba. Ta bar titi ta bi daji a kan babura, kuɗin da zai shiga baitulmali ya shiga wasu aljihunan, mai saye ya biya duka. Alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13 da ɗoriya a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disamban 2020. Korona da rashin tsaro suna da nasu kason a ciki, amma Inna ta rage ludayinta tun kafin korona.

Daga baya na karanta cewa haka ta faru a Amurka. A 2018 Shugaba Trump ya ɗora haraji kan injinan wanki na waje. Masana da suka bi diddigi sun gano farashinsu ya tashi da kusan kashi 12, har da waɗanda ake ƙerawa a cikin gida, har ma da injin busar da kaya wanda ba a ɗora wa komai ba. Abin da manyan masana suka gano da lissafi, Inna ta faɗa mini shi da ludayi a hannu. A shekarar kuma, da Amurka ta ɗora wa kayan Sin haraji, Sin ta rama da harajin kashi 25 kan waken suyar Amurka, ta karkata ga Birazil, sai da gwamnatin Amurka ta ware biliyoyin daloli tana rage wa manomanta asara.

Batun maƙwabta su zo suna roƙo kuwa, shi ma ban gan shi yadda na yi alkawari ba. A Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ta Jibiya sai Afrilun 2022, fasa-ƙwauri kuma bai mutu ba. Da aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har aka yanke mata wuta, sojojin ba su sauka ba. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS, a Fabrairu aka janye takunkumin. Wannan karon ban yi tafi ba, domin na riga na san su wa ke kwana a bakin shinge: matar Kawu ce da ke son zuwa ganin mahaifiyarta, da mai albasa, da mai raguna. Katsina da Maraɗi ɗaki ɗaya ne aka raba da labule. Duk dutsen da ka jefa can, a kan ɗan'uwanka zai sauka.

Kada mai karatu ya ɗauka na tsallaka ɗaya ɓangaren na zama mai cewa a buɗe komai. Da na yi haka, kuskuren farko na maimaita da sabuwar riga. Kariyar ta haifar da abin kirki: an kafa injinan casa a Kabi da Kano da Jigawa, noman rani ya faɗaɗa, shinkafar gida ta rabu da tsakuwa. Da gwamnati ta ɗage harajin wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashi ya sauko daga baya, sai kuka ya koma gidan manomi, ga taki da tsada ga shanshera ba daraja. Wannan ya nuna mini inda gizo ke saƙar: shekarun da aka yi ana tare wa manomi kishiya, ba a rage masa tsadar taki da mai da ruwa da hanya yadda zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Koriya ta Kudu ta kare masana'antunta, amma da sharaɗin su fitar da kaya su yi gogayya a kasuwar duniya, wanda ya kasa a janye masa tallafi. Kuɗin fito kamar ɗaurin karaya ne. Yana da amfani in ƙashi na haɗuwa a ciki, kuma akwai ranar kwancewa.

Har yanzu ana wannan musu a majalisarmu, musamman tun da Amurka ta sake ɗora haraji kan kayan ƙasashen duniya a 2025, har da namu. Nakan ga matasa masu zafi irin nawa na da, wani na cewa a rufe, wani na cewa a buɗe, kowa na zargin ɗan'uwansa da cin amanar ƙasa. Ba na hana su. Abin da nake roƙonsu shi ne, in wani ya yi maka tambayar da ta tsaya maka a wuya, ka amsa tambayar, kada ka tono sana'arsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa wanda kake zargi da son kai, ya yi magana ne don shi ruwan ke zuba a kansa.

Kawu bai koma hanyar Maraɗi ba. Jarin ya narke a shekarun da kayan suka yi a sito, ƙarfin jiki kuma ya ja baya. Yanzu yana da 'yar rumfa a ƙofar gida, duk ƙarshen wata nakan je in zauna tare da shi. Bai taɓa tayar mini da maganar ranar sunan ba, ko sau ɗaya. Rasiɗan nan kuwa na roƙe shi ya ba ni, suna cikin jakar da nake shiga aji da ita.